Muhawara: Saukar da ƙaramar mota ƙasa gwaninta ce ko ɓarna, ga mai bin hanyar Abuja zuwa Jos?

Bakaniken Farin Gada: Salamu alaikum jama'a. Magana ɗaya zan faɗa, wanda zai ji haushi ya ji. Duk wanda ya sayi ƙaramar mota mai zafi, Golf GTI ce, 206 GTI ce ko Mini, ya saukar da ita ƙasa ya ɗora mata rim mai inci 18, to ɓata ta ya yi. Ta zama motar Maitama da Wuse kawai. Ranar da ya ce zai hauro Jos da ita, a bayan janwe za ta ƙarasa.

Mai GTI na Gwarinpa: Wa alaikumus salam. Oga, da girmanka, amma kuɗin goro ka yi mana. Saukarwa iri biyu ce. Akwai ta yaran da ke kai mota wajen mai walda ya datse sifirin, wannan kam ba mai kare ta, don shoka ba ta da sauran wurin motsi, mota sai tsalle. Akwai kuma wanda ya sayi shoka mai zare, wadda aka ƙera ta da sifirinta tare, ka ɗaga ko ka sauke yadda kake so. Tawa Golf 5 ce, irin wannan na sa mata. In nauyin mota ya matso ƙasa ba ta kwanciya gefe a kwana, sitiyari kuma yana amsawa nan take. Ai don kwana muke sayen motocin nan, ba don ɗaukar buhun masara ba.

Ɗan Bukuru: To fa. Yau akwai kallo.

Bakaniken Farin Gada: Ƙanena, wanda ya ƙera ta bai san kwana ba ne? GTI ɗin da ke hannunka tun daga kamfani an riga an sauke ta milimita 15 a kan Golf ta gama-gari. Don titin Jamus aka yi wannan lissafin. Kai kuma ka zo Najeriya ka ƙara rage mata.

Mai GTI na Gwarinpa: Shi kamfanin ai na kowa yake yi wa, har da tsohuwa mai zuwa cefane. Kuma rim 18 da kake zagi, Volkswagen da kansu sun sayar da Golf 5 GTI da shi ga wanda ya zaɓa. Ba ni na ƙirƙiro ba.

Injiniyan Rayfield: Bari in sa baki da lissafi, don kada a yi ta jayayya a iska. Lambar tsakiya da ke jikin taya ita ce tsayin gefenta, kashi nawa ne na faɗinta. Taya 225/45 a rim 17, gefenta milimita 101 ne. 225/40 a rim 18, milimita 90. Golf ta gama-gari mai 195/65 a rim 15 kuwa tana da 127. Wannan robar da iskar da ke cikinta su ne ke fara karɓar bugun rami kafin ya kai ga rim, kafin ya kai ga shoka. Milimita 11 tsakanin 17 da 18 kamar ba komai ba ne a baki, amma a bakin rami mai kaifi shi ne bambancin ka wuce da ka tsaya kana kallon ƙullutu a gefen taya. Kuma taya in ta yi ƙullutu a gefe, zarenta ne ya tsinke, mai faci ba shi da abin da zai yi mata. Sannan babban rim galibi ya fi nauyi, nauyi ne kuma da shoka ke fama da shi kai tsaye. Don haka a batun rim ina bayan Oga. A batun saukarwa kuwa Mai GTI yana da gaskiya cewa tana rage kwanciya a kwana, sai dai a kan kwalta mai laushi. In titi yana da gargada, mota mai taurin sifirin tsalle take yi, taya kuma in ba ta taɓa ƙasa ba ba ta riƙe komai.

Baba Mai Fijo: Yaran zamani. Mu da muka tashi da 504 ta Kaduna mun san abin da ake kira mota mai cin hanya. A 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna, a shekarar nan kuma 504 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, Ove Andersson ne ya tuƙa ta. Ba don tana ƙasa ta ci ba, don ƙafarta tana da wurin motsi ne. Har yau ku duba masu tseren duniya na rali: in za su bi kwalta su sa rim 18 su sauke mota, in za su bi tsakuwa su koma rim 15 su ɗaga ta. Mutanen da gudu ne abincinsu ke nan. Su hanya suke kallo kafin su taɓa mota, ku kuma hoto kuke kallo.

Mai GTI na Gwarinpa: Allah ya ƙara girma Baba, amma ai ka ba ni hujja. Ka ce a kwalta saukewa suke yi. Hanyar Jos kwalta ce, ba dajin Kenya ba. Daga Abuja zuwa Keffi har Akwanga tagwayen hanya ce.

Ɗan Bukuru: Har Akwanga, ka faɗi gaskiya. Daga nan fa? In ka karya kwana ka kama Gwantu, Fadan Karshi, Forest, hanya ɗaya ce kai da tirela da tanka. Ramin da ka haddace bara, bana damina ta matsar da shi ta haifo wasu. Ga tudun rage gudu da mutanen ƙauye ke yi da kansu, ba awo ba komai, wani siminti wani ƙasa. Ga inda babbar mota ta lalace a tsakiyar titi, dole ka sauka gefe ka bi ta ƙasa ka sake hawa, bakin kwaltar kuma ya yi tsayi. A nan ake jin ƙarrr a ƙarƙashi. Ni Vibe GT gare ni, injin 2ZZ na Toyota da Yamaha, giya shida, ban taɓa mata ƙafa ba, kuma ban taɓa tsayawa ina sauke fasinja don in haye tudu ba.

Mai GTI na Gwarinpa: Vibe kuma ta shigo sahun motoci masu zafi? Motar kai yara makaranta?

Ɗan Bukuru: Ka jira allurar juyin inji ta wuce 6,000 ka ji muryarta, sai mu yi magana.

Bakaniken Farin Gada: Ku bar wasa, ga abin da nake gani da idona a ramin gareji. Golf 4, kaskon baƙin manta na alminiyon ne, yana can ƙasa a gaba. Ƙarfe in ya bugi dutse lanƙwashewa yake yi, alminiyon kuwa fashewa. Mai ya zube a titi, direba yana jin kiɗa bai ga jar fitila ba, kafin ya farga inji ya kama. Saboda ado an sayi sabon inji. Ban da salansa da ke yagewa, da bamba da ake ɗaurewa da waya, da taya da ke cinyewa ta ciki don an sauke mota ba a sake saita ƙafa ba.

Hajiya Mai Mini: Ni duk kun bar abin da ya fi damuna. Kowa na maganar hawa, ba mai maganar dawowa. Hawan Kibo in za ka Jos hawa ne, in za ka koma Abuja gangara ce mai tsawo da kwanoni, ga manyan motoci a gaba da baya. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa, birkin zai yi zafi ya daina kamawa. Man birki yana shan danshi a hankali. Man birki nau'in DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen 155, in ya tafasa kuma ka taka ka ji feda ta tafi ƙasa. Shi ya sa ake cewa a canza shi duk shekara 2. A cikinku masu rim 18, wa ya canza nasa? Ni kafin in sa wa mota wani abin ado, sai na ga taya mai kyau wadda lambobi huɗun nan na mako da shekarar ƙira suka nuna ba tsohuwa ba ce, sai sabon man birki, sai in sauko a giya ta uku inji yana riƙe ni.

Injiniyan Rayfield: Hajiya ta gama magana a nan. Ko otomatik ce a mayar da ita hannu a riƙe ƙaramar giya.

Mai GTI na Gwarinpa: Ranki ya daɗe, ba wanda ya yi musun birki. Amma a hawan ne za ku san dalilin da na zaɓi turbo. Jos tana kusan mita 1,200 sama da teku, iska ta fi sirara. Injin da ba turbo yana rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 100. Golf 3 GTI mai doki 115 in ta iso Terminus a tsakiyar Jos da ƙyar take da 100 da 'yan kai. Tawa mai doki 200 turbo ne ke cusa mata iska, ba ta jin tsaunin sosai. In zan wuce tirela a hawa, cikin daƙiƙa kaɗan na gama na koma hannuna. Wannan ma tsaro ne.

Bakaniken Farin Gada: Turbo daga kamfani ban da ja a kansa. Wanda nake ja da shi mai zuwa a taɓa masa kwamfutar inji don ƙarin doki. Waɗancan saitin an rubuta su ne don fetur mai lamba 95 ko 98 da ake zaɓa a gidan mai a Turai. Mu nan famfo ɗaya ne, abin da aka zuba maka shi ke nan. Inji ya fara ƙwanƙwasa, kwamfuta ta ja wuta baya don ta kare shi, dokin da ka biya ya tafi, zafi ya rage maka. Sai kuma a zo a ce a cire indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, don salansa ta yi kuka, a cire tamostat mai daidaita zafin inji a haɗa fanka kai tsaye. A Jos! Lokacin hunturu da asuba injin nan ba zai kai zafin aikinsa ba, sai shan mai da cin kansa.

Ɗan Bukuru: Indomin nan kuma in an cire ba ya komawa hannun mai mota, a lura.

Sabon Shiga: Yayyena ku yi haƙuri in katse ku. Ni ina Kubwa, ina tara kuɗi ne, kuma burina in riƙa fita Assop Falls da Riyom da Shere, wani lokaci har Yankari. Na ga Honda Civic Type R ta 1997 a intanet, raina ya biya. Ko Mazda MX-5. Me za ku ce?

Baba Mai Fijo: Ɗana, waccan Civic ɗin don kasuwar Japan aka yi ta, sitiyarinta a dama yake. Mu tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama na titi, motar da ta dace da mu mai sitiyari a hagu ce, kuma doka ba ta yarda da shigo da mai sitiyarin dama ba. Wadda aka juya mata sitiyari a gareji kuwa kada ka ɗora ranka a kanta a Hawan Kibo.

Injiniyan Rayfield: MX-5 akwai mai sitiyarin hagu, tun 1989 ake yin ta, ta farkon ba ta kai tan ɗaya ba, tayoyin baya ke ja, daɗin tuƙi kam ba magana. Amma kujera biyu ce, but ɗinta jaka biyu ya cika, kuma da ma a ƙasa take. Kafin ka saya ka zaga Apo a Abuja ko Dilimi a nan ka tambayi kayanta. Motar da za ka jira wata guda kafin a kawo maka ƙaramin abu daga waje ba ta yawon Yankari ba ce. Golf, 206, Corolla da danginta irin su Matrix da Vibe, kayansu na ko'ina. In Golf 5 ce mai giyar otomatik ta DSG, ka tambayi yaushe aka canza man giyar, don duk kilomita 60,000 ake so.

Hajiya Mai Mini: Kuma ka sani iyakar gudun ƙaramar mota 100 ne a babban titi mai tagwaye, 80 a sauran manyan hanyoyi. Kowace a cikin waɗannan ta wuce haka nesa ba kusa ba. Daɗin yana cikin kwana da sauya giya, ba sai allura ta kwanta ba.

Mai GTI na Gwarinpa: Mu dawo kan maganarmu, Oga. Ka ce duk wanda ya sauke mota ya ɓata ta. Ni shokata mai zare ce. In zan yi tafiya in ɗaga ta ta koma tsayin kamfani, in na dawo Abuja in sauke. Ina ɓarnar take?

Bakaniken Farin Gada: Wato ka kashe kuɗi mai yawa don ranar tafiya ka komo inda Bajamushe ya ajiye ka tun farko. Kuma duk ɗagawa da saukewa sai an sake saita ƙafa, in ba haka ba taya ta tafi. Ko ka ɗaga, taurin sifirin yana nan, rim 18 yana nan. Faɗa mini tsakaninka da Allah, kana ɗagawar?

Mai GTI na Gwarinpa: In hanya ta buƙata.

Ɗan Bukuru: Bai taɓa ɗagawa ba ke nan.

Injiniyan Rayfield: Ni dai inda na tsaya: datse sifirin haramun ne a wajena, shoka mai zare ta kirki ba laifi ga wanda rayuwarsa ke cikin Abuja kuma zai iya ɗawainiyarta, amma "duk" ɗin da Oga ya sa ya yi yawa. Mai bin hanyar Jos a kai a kai kuwa, rim 16 ko 17 da tsayin kamfani, in da hali a ƙara farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji.

Bakaniken Farin Gada: Ban janye "duk" ɗina ba, Injiniya.

Mai GTI na Gwarinpa: To shi ke nan. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu ina da ɗaurin aure a Jos. Yadda take a sauke haka zan taho da ita, ba zan taɓa zare ko ɗaya ba. Daga Mararrabar Jama'a zan kira ka.

Bakaniken Farin Gada: Allah ya kawo ka lafiya, don ba na yi maka fatan janwe. Ka shigo Farin Gada kafin ka wuce wajen biki, mu ɗora ta a rami kowa ya leƙa. Kuma kada ka biya ta wajen masu wanki a wanke ƙarƙashinta.