Idan Jerin Folda Ya Rikice a File Explorer

A File Explorer, manhajar duba fayiloli ta Windows 10, jerin folda na gefen hagu kan ƙi bin foldar da aka buɗe. Idan hakan ta faru, a fara da mai sauƙi: a shiga View, a danna Navigation pane, a sa alama a Expand to open folder. Idan jerin ya daskare, a danna Ctrl+Shift+Esc don buɗe Task Manager, inda ake ganin manhajojin da ke aiki, a sake kunna Windows Explorer (sunan File Explorer ke nan a can), kuma wannan ba ya taɓa fayil ko ɗaya. Shawarar da na fi ba muhimmanci ita ce a cire filashi mai matsala, domin jiran amsarsa kan tsayar da jerin gaba ɗaya. Sai duk sun gaza za a gudanar da sfc /scannow, umarnin da ake rubutawa a Command Prompt (tagar rubuta umarni) don duba fayilolin Windows da gyara waɗanda suka lalace.