Wa ya isa a ce masa jigo?

Ɗan Fadama:
Salam jama'a, yau da safe a labaran rediyo sau uku ina jin wai jigo a jam'iyya kaza ya sauya sheƙa, wallahi abin ya tsaya min a rai shi ne na ce bari in jefo baiti ko wani zai cafe.

Jigon da na sani yana a fadama,
Doguwar sanda ce mai kallon sama,
Guga a gaba, curin laka baya ma,
Kakana na ja, albasa ta sha ta gama,
Naku jigon wa ya shayar a al'umma?

Yar Zazzau:
Yaya ka sosa min inda ke ƙaiƙayi.

In jigo kake nema ga Gambo Sawaba,
An ɗaure, an doke ta, ba ta tuba ba,
Ta nemi ƙuri'ar mata tun ba a ba mu ba,
Kafin 1979 ba mu zaɓi shugaban ƙasa ba.

Baban Khalifa:
Ku yi haƙuri ni dai ban yarda ba, ma'anar lambu daban ta siyasa daban.

Jigo a siyasa mai kawo akwati,
Mai riƙe deliget, mai raba tikiti,
Ƙofar gidansa cike da motoci a layi,
Ko ƙusa ka ce masa, ko mai faɗa a ji,
Kalmar ƙarfi take aunawa, ba hali.

Malam Na-Gwammaja:
Ɗana ƙarfin ma ai iri-iri ne, mu da muka ga zamanin jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano da idonmu mun sani.

Malam Aminu bai yi gwamna ba a Kano,
Ya ɗaga hannun Rimi, talaka ya gano,
Balarabe a Kaduna, shi ma ku tuno,
Gidansa na nan Gwammaja, ku zo ku gano,
Ba taliya ya raba ba, ba shinkafa a kwano.

Ɗan Fadama:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Baban Khalifa na ji taka, amma zo mazaɓarmu.

Namu jigon ya zo da sabulu da atamfa,
Ya ce rijiya na tafe, har da famfo fa,
Shekara uku ƙannena na tura kura da safe fa,
Jarka goma kafin su ɗau allo su tafi fa.