Wa ya ce Demokrat ba jam'iyyar talakawa ba ce a Turkiyya?

Na Dabo: Abin yana min ciwo! Ana ta yabon Inonu, shugaban ƙasa na lokacin, wai ya kawo jam'iyyu da yawa, alhali a zaɓen 21 ga Yulin 1946 a bainar jama'a ake kaɗa ƙuri'a, gaban jandarma, sannan a ƙirga a ɓoye. Haka CHP, jam'iyyarsa mai mulki, ta murɗe wa talakawa zaɓe.

Malam Iro: Talakawa? Menderes, jigon Demokrat, babban mai gonaki ne a lardin Aydin. Dokar rabon ƙasa ta 1945 ya yaƙa, daga nan rigimarsa da CHP ta yi tsami. Bayar kuwa, shugaban Demokrat, shugaban banki ne a da, har firaminista ya yi.

Uwar Biyu: Malam, shugabanni daban, masu ƙuri'a daban. A Arslankoy ta Mersin, 1947, matan ƙauye ne suka hana a ɗauke akwatin zaɓen dagaci, har aka gurfanar da su a kotu. Su ma masu gonaki ne?

Malam Iro: Hajiya, a ƙauyuka da dama gidaje biyu ke takun saƙa. Gidan da ke riƙe da dagaci yana CHP, sai abokin gabarsa ya buɗe reshen Demokrat, danginsa da masu yi masa noma su bi shi, har wurin shan shayi a raba. Talaka na can, talaka na nan.

Baban Hajara: Ku dai faɗi gaskiya, kiran salla da Larabci da aka halatta a Yunin 1950 shi ne ya ci wa Demokrat zaɓe.

Malam Iro: Zaɓe 14 ga Mayu, halattawa a Yuni. Yaya abin da ya zo daga baya zai ci zaɓe?

Baban Hajara: Kullum kai a bayan CHP kake.

Uwar Biyu: Ku duba tsarin. Wanda ya fi ƙuri'a a lardi shi ke kwashe kujerunsa duka, shi ya sa a 1950 CHP da kusan kashi 40 na ƙuri'u ta tsira da kujeru 69 cikin 487. Kuma da Kirsehir ta zaɓi ɗan adawa Bolukbasi a 1954, gwamnatin Demokrat rage mata matsayi ta yi daga lardi zuwa gunduma.

Na Dabo: To, an dai amince an yi murɗiya a 1946, kuma talakawa sun rama a 1950. Batun Kirsehir ba shi muke yi ba.

Malam Iro: Wa ya amince?