Direbana na cewa ba ni da izini, ashe waya ce ta zame

Ɗan Birni: Salamu alaikum ƴan'uwa. Ina rubuta wa wata ƴar na'urar auna zafi direba (manhajar da ke haɗa na'ura da kwamfuta) a Linux, a kan ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, ta layin I2C (wayoyin da suke musayar bayanai ta cikinsu). Ɗakin batiran sola na kawuna nake son sa wa ido, kun dai san zafin Damagaram in Afrilu ya kama. Duk inda abu ya ƙi a cikin direban, -1 nake mayarwa a matsayin lambar kuskure in wuce. Shekaranjiya allo ya ce mini "Opération non permise". Na yi sudo, na yi chmod (umarnan samun izini), na kwana neman izinin da ba wanda ya hana ni. Da safe na ga wayar SDA, mai ɗaukar bayanai a layin I2C, ita ce ta zame. Wace lamba ya kamata in mayar?

Tsohon Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kai ka ɗaure kanka da igiyarka. A kanel, wato zuciyar Linux, -1 shi ne -EPERM, wato "an hana ka". Ƙarya direbanka ya yi maka, kai kuwa ka gaskata shi.

A nan ma ba sai ka zaɓi komai ba. In i2c_smbus_read_byte_data, mai karanto maka bayani daga na'urar, ta dawo da lamba ƙasa da sifili, miƙa ta sama yadda take. A Pi, in na'ura ba ta amsa ba, 121 za ka gani, EREMOTEIO. Da ita ka gani, ai da waya ka fara taɓawa. Sai inda kuskuren naka ne kake zaɓa: -ENODEV in probe, mai duba na'ura a farko, ya tarar ba na'urarka ba ce, -EINVAL in an aiko maka da ƙimar banza. Kada dai ka mai da -EINVAL kwandon shara, ana yawan yi.

Ƴar Zango: Yaya ya gama magana. Ƙari ɗaya: copy_to_user, mai kwafe bayanai daga kanel zuwa manhajar mai amfani, ba lambar kuskure take dawowa da ita ba, yawan abin da ya rage ba a kwafe ba ne. In ba sifili ba ne, sa -EFAULT. Ni -ENOTSUPP, mai nufin "ba a iya wannan aikin", ita ce ta taɓa cinye mini yini: 524 ce, ta cikin kanel, laburaren C da manhajoji ke dogara da shi bai ma san sunanta ba. -EOPNOTSUPP ake so.

Ɗan Birni: Na gode, Allah ya ƙara sani. Wuri 9 na ƙirga da -1. Na ioctl (hanyar aika wa direba umarni) da ban gane umarninsa ba fa, -EINVAL?

Tsohon Injiniya: A'a, -ENOTTY. Sunan tun zamanin teletayif ne, kada ya ruɗe ka. Wayar nan kuma ka sa mata dalma.