Kan firintata ya toshe, da wane ruwa zan wanke shi a gida?

Nura Samaru:

Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon buga takardu da hoton fasfo a Samaru, yawancin kwastomomina ɗalibai ne. Epson L805 gare ni, mai kala shida. Wata biyar da suka wuce na bar tawadar rini da take amfani da ita na koma figiment, don masu katin biki sun ishe ni da ƙorafin ruwa na taɓa katin sai rubutu ya dame.

To, na je Giwa bikin ƙanwata na yi sati uku, ga hunturu ya kankama. Da na dawo na buga nozul cek, wato shafin gwajin ramukan kan firinta, sashen da ke tofo tawada, baƙin ya fito da giɓi kamar bakin tsoho, jan kuwa ko ɗigo babu. Kilinin tara na yi, wato wankin kai da firinta ke yi da kanta, ina kallon tawada na sauka a tanki, shiru kake ji.

Wani abokina a Sabon Gari ya ce in haɗa sifirit da fiya wata in ɗura da sirinji. Ya kuma ce shi yakan ƙara wa figiment ruwa don ta yi auki. Gabana dai bai kwanta ba. Masana, a taimaka.

Malam Isyaku mai gyara:

Wa'alaikumus salam. Nura, da farko ka daina kilinin ɗin nan. Duk tawadar da firintar take zuƙa, soson da ke cikinta take tafiya, kuma tana lissafi. Ranar da lissafin ya cika za ta tsaya cak, ka samu matsala biyu.

Fiya wata na sha ne. Akwai gishirin ƙasa a cikinsa, ramukan kan firinta kuwa ba su kai kaurin gashi ba. Ɗiga shi a madubi ka bari ya bushe, za ka ga farin zobe. Wannan zoben ne zai zauna maka a ciki. Tataccen ruwa za ka nema, wanda ake ƙara wa batirin mota, a rufaffiyar gora. Ka buɗe baki ka ce wa mai shagon ba mai asid ba. Shi ma ka gwada shi a madubin, don na sha ganin ruwan rijiya a gora mai kyau.

Sifirit kuma, zuba kaɗan a murfin kwalba ka ɗiga figiment ɗinka. Sau da yawa za ka ga ta tsinke ta yi gudaji kamar madara ta haɗu da tsami. Ka yi tunanin hakan na faruwa a cikin kan.

Ga yadda nake yi. Tataccen ruwa kashi huɗu, ruwan goge gilashi mai amoniya kashi ɗaya, in ɗumama shi yadda yatsa zai jure. In kunna firinta, da kan ya taso daga mazauninsa sai in zare wayar wuta, ya zama ina iya tura shi da hannu. In ninka tsumma mai tsabta marar zare, in jiƙa, in shimfiɗa a hanyar kan, in turo shi ya hau kai. Bayan awa biyu in janye. A jikin tsumman za ka ga kalolin sun jeru layi-layi, wadda ta toshe wurinta fari fat. In sake sabon tsumma. Da yamma in ɗiga ruwan a ɗan soson da kan yake kwana a kai, in mayar da shi ya kwana. Kada ka bar mai amoniyar ya yi kwanaki, ka bi shi da zallan tataccen ruwa.

Sirinji shi ne na ƙarshe, kuma ja ake yi a hankali, ba dannawa ba. Wani yaro ya taɓa kawo mini tasa bayan ya danna da ƙarfin tuwo, kalolin sun fashe cikin juna, rawaya na fitowa kore. Wannan sai sabon kai.

Maman Ilham, Kongo:

Malam Isyaku ya gama magana, amma masu Canon da HP kada su kwafa ido rufe. Su kan firintarsu zafi yake amfani da shi ya tofo tawada, kuma tawadar ce ke sanyaya shi. Epson ba ta dafa tawada, wani ɗan abu ne ke motsawa ya turo ta.

Ni dogon yajin aikin jami'o'i na 2022 ne ya koya mini. Wata takwas babu ɗalibai, na rufe shago na koma sayar da atamfa. Da aka dawo Canon ɗina ba ta fitar da baƙi, ni kuma na dinga tura mata takarda wai ko za ta buɗe. Ashe ƙona kan nake yi da hannuna. Da na sani, ciro shi kawai zan yi in tsoma gindinsa a ruwa mai ɗumi a faranti, ba tare da ruwan ya kai wurin ƙarafan wutar ba, in bari ya bushe sarai.

Yanzu ko ba ciniki, duk kwana uku sai na buga shafi ɗaya mai kala, in lulluɓe ta da tsohon zani. Kuma Nura, ka riƙa kashe ta da maɓallinta, kan ya koma ya rufe, kafin ka kashe janareta.

Bashir ɗan kemistiri:

Yaya Nura, maganar ƙara ruwa nake so in taɓa. Ka tuna tawadar allo? Baƙin gawayi ne da ƙaro. Baƙin bai narke ba, yawo yake a cikin ruwan, shi ya sa in kurtu ya kwana biyu sai an motsa. Figiment haka take, sai dai ƙwayoyinta ido ba ya gani. Ta rini kuwa narkewa take kamar sukari a shayi.

Ban da ruwa, a cikin tawada akwai irin su giliserin da ke hana ta saurin bushewa ya kuma ba ta kaurin da kan yake so, da wani sinadari da ke sa ta shimfiɗu a takarda. Ka zuba ruwa zalla, ka tsinka duk wannan: kala ta koɗe, ta riƙa ɗiga, kuma ta fi saurin bushewa a bakin kan, musamman da iskar nan tamu.

Akwai masu sirka figiment da gaske, amma masu hoton baƙi da fari ne, da ke son fitar da toka-toka kala-kala daga baƙar tawada ɗaya. Su ma ba ruwa kaɗai suke sawa ba, suna haɗa tataccen ruwa da giliserin kusan kashi ɗaya cikin uku, da sinadarin wankin fim irin Photo-Flo. In za ka gwada, haɗa a ƙaramar kwalba ka ajiye sati guda. Ka ga baƙi ya kwanta a gindi, zubar.

Tambaya ɗaya: da za ka koma figiment, ka wanke tsohuwar tawadar daga tanki da bututu?

Nura Samaru:

Bashir ka kama ni. Ban wanke ba, a kan ragowar na zuba.

Malam Isyaku, na bi yadda ka ce. Tsumma na uku sai ga ja ya ɗan leƙo, yau da safe baƙi ya cika, jan saura layi huɗu. Fasfo dai na fita, amma fuskokin mutane sun ɗan yi kore. In sake barin kan ya kwana ɗaya a kan soson, ko in kawo maka ita PZ bayan la'asar?