Na kama ɗalibina da shishar aljihu, ya zan ɓullo masa?

Mai tambaya: Slm ƴan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ina koyar da ƴan SS2, jiya ina rubutu a allo sai ƙamshin mangwaro ya cika bayan aji, na ɗauka alawa ce, ashe wani yaro ne ya zuƙi abu ya busa hayaƙin cikin hannun rigarsa. Da na karɓa wlh sak alƙalamin maka na rubutu, har da wajen caji a gindi. Buɗar bakinsa wai "Malama ba sigari ba ce fa, ruwa ne da ƙamshi kawai", ni kuma na rasa ta cewa. Abin na jakata har yanzu. In kai shi ofis a zane shi a asambuli ko ya?

Wata nas: Wslm Malama. Ba ruwa kawai ba ne, yawancinsu akwai nikotin, shi ɗin dai da ke cikin taba, cikin daƙiƙu kaɗan yake isa ƙwaƙwalwa. Ita kuwa ƙwaƙwalwa sai wajen shekara 25 take gama ginuwa, shi ya sa yaro ya fi babba saurin kamuwa. Amma dan Allah kar ki ce masa gobe huhunka zai ruɓe, zai kalli abokansa ya ga lafiyarsu ƙalau ya daina yarda da ke.

Wani tsohon mashayi: Ni a makaranta aka zane ni kan sigari gaban kowa, abin da na koya kawai shi ne iya ɓuya, sai da na shekara goma sha ina sha. Ki kira shi ku biyu, ki tambaye shi da safe minti nawa yake yi kafin ya lalubo ta, kuma in ta ƙare ya yake ji, ciwon kai? saurin fushi? karatu ya ƙi shiga? Ki bar shi ya amsa da bakinsa. Sai ki ce to tunda ƙamshi ne kawai ajiye ta kwana uku mu gani, kwana ukun farko nan ne wuyar take, shi da kansa zai gane wa ke juya wani.

Wani uba: Ni fa ban yarda a ɓoye wa iyaye ba gaskiya, in ɗana ne ina so in sani. Kuma wa ke sayar musu? Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar wa ɗan ƙasa da 18 taba, Ingila ma tun Yunin 2025 ta hana sayar da shishar aljihu irin wadda ake sha a yar.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Baba ba zan ɓoye ba, amma zan fara zama da shi ranar Litinin bayan tashi, sannan mu kira mahaifiyarsa tare. Anti nas in ya ce yana so ya daina ya kasa fa, zan biyo ki ta inbos.