Shin ya kamata gwamnati ta taka wa motoci masu zuƙar mai birki?

Mai Tambaya:

Assalamu alaikum. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce a 2023 kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a duniya jif-jif ne, kuma jif tana shan mai fiye da matsakaiciyar mota da kusan kashi 20 cikin ɗari. Wato abin da injiniyoyi suke ragewa a inji, girman jiki yana cinye shi. Wasu na cewa mutum da kuɗinsa, shi ke sayen mansa, ina ruwan hukuma? Wasu kuma na cewa hayaƙin ba a cikin motarsa yake tsayawa ba. Ina roƙon masana su fayyace mini: gwamnati tana da hurumin shiga wannan magana? In tana da shi, hanawa za ta yi ko tsawwala haraji? Wace hanya aka gwada ta yi aiki, wacce ta ci tura?

Uwar Lissafi:

Wa alaikumus salam, Malam. Mu fara da alƙalami kafin ra'ayi. Kowace litar fetur da aka ƙona tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon, ta dizal kuwa kusan 2.7. Babu tacewar da ke rage wannan, iya man da ka ƙona iya abin da ka fitar. Motar da ke shan lita 14 a kilomita 100, in ta yi kilomita 15,000 a shekara, ta sha lita 2,100, ta saki kusan tan 4.8. Mai shan lita 7 rabin haka. In duk biyun suka yi shekara 15 a kan titi, bambancinsu lita 15,750 ne. A ranar saye aka yanke wannan hukunci, kuma duk wanda motar ta faɗa hannunsa daga baya gadonsa zai yi. Saboda haka ina ganin gwamnati tana da hurumi, amma a bakin ƙofa, wato ranar ƙera mota ko shigo da ita ko yi mata rajistar farko. Tun ran gini ran zane.

Akwai wani wuri da ido ke yaudarar mutane. In ana auna mota da kilomita nawa lita ɗaya ke kai ta, sai a ga tashi daga 20 zuwa 30 ya fi tashi daga 7 zuwa 10. Ba haka ba ne. A kilomita 15,000, daga 20 zuwa 30 lita 250 aka rage, daga 7 zuwa 10 kuwa lita 643. Ribar tana can ƙasa, wajen mafi zuƙa. Dokar da ta tsaya yi wa ƙananan motoci kwalliya ta ƙyale manyan, ta bar jaki tana dukan taiki.

Amurka ce misalin da ya fi koyarwa. Bayan takunkumin mai na 1973, sun kafa doka a 1975 da ta tilasta wa kowane kamfani matsakaicin motocinsa ya kai mil 27.5 a galan zuwa 1985, wato kusan lita 8.6 a kilomita 100. Motocin gida sun gyaru ƙwarai. Sai dai an ware rukunin ƙananan motocin kaya da ma'auni mai sauƙi, don a tausaya wa manomi da magini. A 1978 aka ƙara harajin motoci masu zuƙa, wanda a yau yake kama duk motar da ta gaza mil 22.5 a galan, daga dala 1,000 zuwa 7,700, amma shi ma bai shafi a-kori-kura da jif ba. Kamfanoni suka ga ƙofa a buɗe, suka koma ƙera motar iyali a rukunin motar kaya. Daga baya aka ɗaura ma'aunin a kan faɗin filin da ke tsakanin tayoyi huɗu, mota mai faɗi ta samu sassauci, wannan ma ya ba da dalilin ƙara girma. Duk inda aka raba motoci rukuni-rukuni aka sassauta wa ɗaya, can kasuwa za ta kwarara.

Mai Sifana:

Hajiya ta yi bayanin sabuwar mota. Ni ina so a dubi wadda take kan titi, domin lambar da ke jikin takarda ba ita motar take sha ba bayan shekara goma.

Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan mai kashi ɗaya. Sensar da ke jikin salansa ce take shaƙar hayaƙi ta gaya wa kwamfutar mota ta ƙara mai ko ta rage. In ta mutu, kwamfutar sai ta koma zuba mai da yawa don kare inji. Ciro fulogi ka duba: bakinsa ya yi baƙi ƙirin, toka busasshiya kamar gawayi, bakin salansa kuma yana warin ɗanyen fetur. Na biyu, cire tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin inji, da sunan maganin zafi. An ƙera injin ya yi aiki a wajen digiri 90. In aka cire ta aka haɗa fanka kai tsaye, injin ba ya kaiwa zafinsa, kwamfutar tana ɗauka har yanzu sanyin safiya ne, tana ta ƙara mai yini guda. Asalin ciwon kuwa galibi lagireto ne ya toshe ko famfon ruwa ya gaji. Sai taya mara iska, yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 zuwa 35 suke so a ma'aunin iskar taya (PSI), kuma an rubuta a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Sai birkin da ke riƙewa, wanda za ka gane in ka taɓa gefen wili bayan tafiya ka ji ɗaya ya fi sauran zafi. Gudu ma haka: turjiyar iska a kilomita 120 ta fi ta 90 da kusan kashi 78 cikin ɗari, kuma doguwar mota mai faffaɗan goshi ita ta fi jin wannan.

Wanda yake son sanin gaskiyar motarsa, ya cika tanki har famfo ya katse, ya mayar da mitar tafiya sifili, ya yi kwanaki yana hawa, ya sake cikawa. Litar da ta shiga a raba da kilomitar da aka yi, a ninka da 100.

Don haka ina goyon bayan binciken hayaƙi na shekara-shekara fiye da kowace hanawa, da sharaɗin na'ura ce za ta auna ta tura sakamako kai tsaye, ba sa hannun jami'i ba. Kuma a rarrabe abu biyu da ake cakuɗawa. Matatar hayaƙi da ke cikin salansa tana kashe gubar da ke cutar da huhu, ba ta rage shan mai. Kuɗin da Landan ta sa tun 2019, fam 12.50 a rana, na gubar hayaƙi ne: sabuwar jif mai zuƙa tana wucewa kyauta, tsohuwar ƙaramar motar dizal mai tsimin mai tana biya. Doka ce mai kyau ga huhu, amma ba amsar wannan tambaya ba ce.

Ɗan Tsangaya:

Ban ƙi maganarku ba, amma ina jin tsoron kalmar hanawa, domin a kan mara ƙarfi take sauka. Mai kuɗi zai biya ko ya canza mota. Mai tsohuwar mota ba don sha'awa yake riƙe da ita ba.

Birnin Meziko ya gwada a 1989: kowace mota tana da rana ɗaya a mako da ba ta fita, gwargwadon lambar ƙarshe ta faranti. Masu hali suka sayi mota ta biyu mai wata lamba, galibi tsohuwa mai arha wadda ta fi hayaƙi. An gudu ba a tsira ba. Amurka kuma a 2009 ta kashe kusan dala biliyan 3 tana ba mutane dala 3,500 ko 4,500 su kawo tsohuwa su ɗauki sabuwa. Kusan motoci 700,000 aka karɓa, ana juye baƙin mai a zuba wani ruwan sinadari a tayar da injin har ya ƙame. Da yawan waɗanda suka amfana dama suna shirin saye, kuma an lalata motocin da talaka zai iya saya na hannu.

Ni a ganina harajin da ya fi adalci yana bakin famfo. Jif ɗin da ke ajiye ba ta ƙona komai, ƙaramar motar da ke yini a titi tana ƙonawa. Harajin lita yana kama girman inji da nisan tafiya da gudu da rashin gyara, duk a lokaci guda, ba tare da an auna motar kowa ba. Gwamnatin da ke biyan tallafin mai kuma tana kukan motoci masu zuƙa, da hannunta take ciyar da su, tunda wanda ya fi sha shi ya fi cin tallafin. A 2022 tallafin makamashin da ake haƙowa daga ƙasa, irin su mai da gas da kwal, a duniya ya haura dala tiriliyan ɗaya. Sai dai a yi hattara. Faransa ta ƙara harajin mai, a Nuwamban 2018 masu rigar ɗorawa suka cika tituna, yawancinsu mutanen karkara da gefen gari da ba su da bas ko jirgin ƙasa, har gwamnati ta janye ƙarin. In za a ƙara, a yi shi kaɗan-kaɗan da jadawalin da kowa ya sani, a mayar wa gidaje wani kaso a hannu, kuma motar haya ta riga harajin isowa.

Mai Tambaya:

Na gode, Allah ya ƙara sani. To Malam Ɗan Tsangaya, in harajin famfo yana kama komai, me ya rage wa harajin ranar saye? Ba ninki biyu aka ɗora wa mutum ba?

Uwar Lissafi:

Bari in amsa kafin Malam ya dawo. Mai sayen sabuwar mota ba shi ne zai sha man shekara 15 ba. Zai hau shekara uku ko huɗu ya sayar, don haka man da ke gaba bai dame shi ba. Harajin famfo yana gyara yadda ake hawa, na ranar saye yana gyara abin da ake ƙerawa. Kowanne da aikinsa.

Tsarin da nake ganin ya fi shi ne a tsayar da ma'auni ɗaya, wanda ya haura ya biya, wanda ya gaza a rage masa, kuɗin wancan ya biya wannan. Faransa ta fara yin haka a 2008. A 2024 harajin yana farawa daga giram 118 na iskar kabon a kilomita, yana hawa giram-giram har yuro 60,000 ga wadda ta wuce giram 193, wato wajen lita 8.3 na fetur a kilomita 100. Tun 2022 sun ƙara na nauyi, yuro 10 a kowane kilo sama da 1,800, a 2024 suka sauko da shi 1,600. Iyali mai 'ya'ya uku ko fiye ana yi masa ragi, motar da aka gyara don keken guragu an yafe mata. Sassaucin yana bin mutum da buƙatarsa, bai bi siffar mota ba, kuma wannan ne gyaran kuskuren Amurka. A shekarun farko asusun ya yi giɓi, don mutane sun koma ƙananan motoci fiye da yadda aka zata, shi ya sa dole a riƙa matsar da ma'aunin a kai a kai. Kuma a yi shi gangare, ba matakala ba. In aka ce daga giram 130 haraji ya yi tsalle, za ka ga motoci sun taru a 129.

Inda abin ke lalacewa shi ne awo. A 2015 aka gano Volkswagen ta sa wa motocin dizal kusan miliyan 11 manhajar da ke gane lokacin gwaji ta gyara hayaƙinta. Turai ta sauya hanyar gwaji daga 2017, ta kuma sa mitar da ke ƙirga ainihin man da mota ta sha. Da aka karanta mitocin, motocin fetur da dizal sun haura takarda da kusan kashi 20 cikin ɗari, masu haɗa batirin caji da inji kuwa sun ninka sau uku da rabi, don ba a cajin su yadda aka ɗauka.

Ƙasar da ba ta ƙera mota, ƙofarta tashar jiragen ruwa ce. Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga motocin hannu miliyan 14 da Turai da Amurka da Japan suka fitar daga 2015 zuwa 2018, kusan kashi 80 cikin ɗari zuwa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Kenya ta hana shigo da wadda ta wuce shekara 8. Shekaru kaɗai ba su isa ba, tunda jif 'yar shekara uku tana iya ninka ƙaramar mota 'yar shekara tara a sha. A ɗaura kuɗin fito a kan giram ko lita, a ɗauko lambar daga rajistar ƙasar da motar ta fito ta hanyar lambar shasi, kada a dogara da abin da mai shigowa ya rubuta.

Mai Sifana:

Ƙari ɗaya a kan na tasha, Hajiya. A duba motar tun kafin a loda ta a jirgi, a leƙa ƙarƙashinta a tabbatar matatar hayaƙi da sensa suna nan, don ana yanke matatar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta a liƙa bututu a wurin. Kuma kada a tilasta shigo da injin dizal na zamani alhali man da ke famfo yana da sulfa da yawa. Waɗannan injuna an yi su ne don mai mai sulfa kashi 10 cikin miliyan. In aka ba su mai datti, matatar toka tana toshewa, mota ta rasa ƙarfi, mai ita ya kai a fasa matatar a goge ta daga kwamfuta. A fara gyara ma'aunin man, sannan na motar ya biyo baya.